'Ya'yanmu da Ke Aiki a Jamus: Sa'ad da Abokan Aiki Ke Hira da Harshensu

A ziyarar da muke kai wa ikilisiyoyi, iyaye sukan tare mu da labarin 'ya'yansu da suka tafi Jamus koyon aikin jinya ko kula da tsofaffi. Kukan kusan iri ɗaya ne: "Yarinya ta ce albashi yana zuwa, amma ba mai yi mata magana." Mun ga ya dace mu bayyana abin da ke faruwa, domin wasu sun riga sun fara tunanin barin aikin.

Tun Maris 2020 Jamus ta fara aiki da dokar da ta sauƙaƙa wa masu sana'a daga waje shiga ƙasar, aka kuma ƙara faɗaɗa ta a 2023. Koyon jinya a can shekara 3 ne, ana kuma biyan ɗalibi. An raba sanin harshe zuwa matakai 6, daga A1 zuwa C2, galibi kuwa B2 ake nema ga mai jinya. To, me ya sa wanda ya ci wannan jarrabawa yake zama kamar kurma a wurin aiki?

Dalili shi ne Jamusancin aji dabam, na hira dabam. Malami yana magana a hankali. Abokan aiki kuwa, lokacin hutun shan kofi, suna sauri, suna haɗiye kalmomi, suna barkwanci. Ban da haka kowane yanki da karin harshensa. Na Bavariya da na Shuwabiya a kudu sukan ba Bajamushen arewa ma wahala. Ko gaisuwa ta bambanta: a arewa "Moin", a kudu "Grüß Gott".

Mu ma mun san wannan a gida. In aka tashi sujada, Angasawa sukan koma Angasanci, Birom su koma nasu, baƙon da ya zo daga wani gari ya tsaya yana murmushi kawai. Ba ƙinsa muke yi ba, harshen uwa ne ya fi sauƙi a baki. Haka yawancin Jamusawa suke. Wanda ya ɗauka duk dariyar da aka yi da shi ake, zai sa wa kansa ciwon zuciya a banza.

Ga shawarwarin da muke roƙo ku isar musu.

Na ɗaya, a raba maganar aiki da hira. In hira ta wuce ka, ba a yi asarar kome ba. Amma lokacin miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu kamawa, inda ake faɗin maganin da aka ba majiyyaci da adadinsa, kada a gyaɗa kai alhali ba a gane ba. Ran mutum ne a hannu. A ce a maimaita, a faɗi abin da aka ji domin a tabbatar, a rubuta. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, kada a gudu daga teburin hutu a koma lungu da waya. A zauna ko da kashi ɗaya cikin uku ake ji. Kunne yana sabawa da zama ne. Da tsakar rana sukan ce wa juna "Mahlzeit", a amsa haka. A wuraren aiki da yawa, mai ranar haihuwa ne yake kawo kek. Wanda ya kawo cincin a ranarsa ya buɗe ƙofar hira.

Na uku, a nemi mutum ɗaya mai haƙuri, a roƙe shi ya riƙa gyara kuskure. In wani ya juya zuwa Turanci don taimako, a gode, a roƙa a ci gaba da Jamusanci a hankali. A kuma kula da "Sie" na girmamawa da "du" na sabo. Babba ko shugaba ne yake ba da izinin "du".

Na huɗu, kada a daina karatu. Makarantun manya da ake kira Volkshochschule suna koyar da harshe da yamma a kusan kowane gari. Diakonie ta ikilisiyoyin Furotesta da Caritas ta Katolika suna da ofisoshin ba baƙi shawara kyauta.

Ba mu ce babu wariya ba. In ana ɓoye wa mutum bayanin aiki da gangan, ko ana zaginsa saboda launin fatarsa, dokar Jamus ta 2006 ta hana nuna bambanci a wurin aiki. A rubuta rana da abin da ya faru, a kai wa shugaba ko wakilan ma'aikata.

Mu tuna cewa an taɓa yin akasin haka. Karl Kumm, Bajamushe ne, ya iso Wase a 1904, shi da abokansa suka zauna cikin mutanen da ba su jin harshensu. Kafinsa Schön, shi ma Bajamushe, ya wallafa ƙamus na Hausa a 1876. Daniyel kuma shekara 3 aka ba shi ya koyi harshen Kaldiyawa a Babila, bai kuwa rabu da Allahnsa ba.

Iyaye, namu aikin ke nan: in yaro ya kira, kada tambayar farko ta zama ta kuɗi. Mu tambaye shi wa ya ci abinci da shi yau, ya kuma sami ikilisiyar da yake zuwa. Zumuntar mata da ta matasa su rubuta sunayen 'ya'yanmu da ke waje, a riƙa ambatonsu cikin addu'ar Laraba. Wanda kuma yake shirin tafiya, ya fara sauraron rediyon Jamusanci tun yana gida.

Ubangiji ya kiyaye fitarsu da shigarsu. Amin.