Waɗansu Littattafai da Ya Kamata Malami Ya Sani

Sau da yawa malaman kwalejojin horon malamai su kan tambaye mu, wai waɗanne littattafai ne ya kamata su ajiye wa ɗalibansu a ɗakin karatu. In an tashi ba su amsa kuwa, galibi sunaye huɗu a ke ta maimaitawa, watau Ruwan Bagaja, da Magana Jari Ce, da Shaihu Umar, da Ganɗoki. Babu mai musun darajar waɗannan. Amma fa ɗalibin da ya fita kwaleji ba labaru kaɗai za shi koyarwa ba. Zai tsaya gaban yaran da ba su ji wani harshe sai Hausa, ya yi musu bayanin tarihi, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya, da halittun da su ke gani kullum. In bai taɓa karanta irin waɗannan abubuwa da Hausa ba, ina zai samo maganar?

Na ga wannan da idona a wata kwaleji. Na ce wa ɗalibai na shekarar ƙarshe su yi mini bayanin yadda sauro ke hayayyafa, kamar ni yaro ne na aji uku. Kusan dukkansu sun san abin, gama sun rubuta shi da Turanci a jarrabawa. Da aka ce Hausa, sai bakin kowa ya yi nauyi, wanda ya yi ƙoƙari kuwa rabin maganarsa Turanci ne. Laifin ba nasu ba ne. Ba a taɓa nuna musu cewa wani ya riga su yin wannan aiki ba.

Alhali kuwa tun farko haka aka nufa. Ofishin Fassara da aka kafa a 1929, wanda daga baya ya zauna a Zariya a hannun Dr. R. M. East, ya fitar da littafin tarihi tun kafin gasar 1933 wadda ta haifi Ruwan Bagaja da 'yan'uwansa. Littafin shi ne Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, kashi biyu, 1932 da 1933, an fassaro shi daga rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasar nan. A ciki akwai tarihin sarakunan Kano tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello, sarki arba'in da takwas. Malami ya karanta wa ɗalibai sarautar Muhammadu Rumfa daga nan, ba daga taƙaitawar wani ba. Sai dai ya gargaɗe su da abu guda. Shekarun da a ke rubuta wa Rumfa, 1463 zuwa 1499, ba su cikin asalin littafin. Marubucin ya faɗi tsawon sarautar kowane sarki ne kurum, H. R. Palmer ne ya yi lissafi da baya da baya sa'ad da ya juya shi cikin Turanci a 1908. Ɗalibin da ya gane wannan ya fara gane yadda a ke gina tarihi. A haɗa masa da Kano ta Dabo Ci Gari na Alhaji Abubakar Dokaji, da Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, don ya ji maganar daga gida biyu.

To, amma littafin da na fi jin takaicin mantuwarsa shi ne Ikon Allah, wanda East da Abubakar Imam suka yi, ya fara fita a 1949. Labarin halitta iri iri ne ta cikin duniya. Lalle ilmin kimiyya ya yi nisa tun daga lokacin, malami kuwa ya gwada abin da ya samu ciki da littattafan yanzu kafin ya kai wa yara. Ba don sabon sani na ke cewa a karanta shi ba, don hanyar bayaninsa ne. Imam ba ya ɗauko kalmar Turanci ya daddatse ta ya ce ya yi Hausa. Ya kan fara da abin da mai karatu ya riga ya sani a gona ko a tsakar gida, ya bi da shi sannu sannu har ya kai shi ga abin da bai sani ba, maganar kuwa tana tafiya kamar ta dattijo a zaure. Sunan littafin ma dabara ne, domin a zamanin nan iyaye da yawa suna tsoron kada ilmin boko ya raba 'ya'yansu da addini, sai aka nuna musu binciken halitta duban ikon Mahalicci ne. Da ni ke da iko, da kowane ɗalibi ya kwafi shafi biyu nasa da hannu kafin ya fita gwajin koyarwa.

Kusa da shi a ajiye ƙaramin littafin nan na likita J. M. Dalziel na 1916, mai sunayen itatuwa da ciyayi da Hausa tare da sunayensu na Latin. Na Turanci ne, amma babu kamarsa wajen raba gardama a kan sunan wata ciyawa. Don kiwon lafiya kuma akwai Bala da Babiya na Nuhu Bamalli, da Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda yara ke iya yi a filin makaranta.

Littattafan tafiye-tafiye su ne ƙofar labarin ƙasa. Tafiya Mabuɗin Ilmi labarin zuwan Imam Ingila ne a 1943, ana tsakiyar yaƙi, tare da waɗansu 'yan jarida na Afirka ta Yamma. Motsi Ya Fi Zama kuwa na Malam Aminu Kano ne. Amfaninsu shi ne Bahaushe ne ke kallon ƙasar wani da idonsa, yana auna ta da tasa. Shaihu Umar ma, ko da ya ke ƙagaggen labari ne, ya fi darasi goma nuna abin da cinikin bayi ta hamada ya yi wa uwa da ɗanta. Wanda ke son ya ji wannan zamani daga bakin mace, sai ya nemi labarin Baba ta Karo, wanda ta faɗa wa Mary Smith a 1949 da 1950, ya fita da Turanci a 1954.

Batun waƙa ba sai na tsawaita ba, gama Sa'adu Zungur, da Mu'azu Haɗeja, da Aliyu Namangi, da Aƙilu Aliyu ba ɓoyayyu ba ne. Roƙona kurum a riƙa rera su, kada a karanta su kamar takardar haraji.

Saura ƙamus. Na Bargery na 1934 shi ne rumbu, yana faɗin inda a ke amfani da kalma, ko Sakkwato ko Katsina ko Kano, ya kuma jero 'yan'uwanta. Na Abraham na 1949 ya fi shi yawan misalai na jimla. Dukkansu biyu da Turanci su ke fassara, saboda haka Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, shi ne za a fara ba ɗalibi, domin yana bayyana Hausa da Hausa, abin da ɗalibin zai yi ke nan a aji.

Da yawa cikin littattafan nan ba su samuwa a kasuwa, sai a manyan ɗakunan karatu ko a akwatin wani tsohon malami. Mai neman cikakkun sunayensu, da shekarunsu, da waɗanda suka buga su, ya duba Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, ya tafi da shi a hannu in za shi nema.