Wace Babbar Manhaja Za a Ɗora wa Kwamfutocin Ofis Bayan Windows 10?

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya daina bayar da gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10, wato babbar manhajar da da yawa daga cikin kwamfutocin ma'aikatu da hukumominmu suke aiki da ita. A wannan rana ce kuma ya janye kulawarsa daga Office 2016 da Office 2019. Dangane da haka ne muka ga ya dace mu yi wa shugabannin sassa, da jami'an sito, da sakatarori, da sauran ma'aikata bayani a kan abin da wannan al'amari yake nufi, da kuma yadda za a zaɓi abin da za a koma kansa ba tare da an yi asarar dukiyar jama'a ba.

Babbar manhaja ita ce wadda take fara tashi idan an kunna kwamfuta. Ita take haɗa madannai da firinta da rumbun ajiya su yi aiki tare, kuma a kanta ne sauran manhajoji irin su Word da Excel suke zama. Janye kulawa ba ya nufin kwamfutar za ta mutu. Za ta ci gaba da tashi tana buga wasiƙa kamar jiya. Abin da ya canza shi ne, a da duk ɓarakar da aka gano a jikin manhajar, kamfanin yakan aiko da abin toshe ta a kowane wata, amma yanzu ɓarakar za ta zauna a buɗe. Bugu da ƙari, da yake Windows 10 da Windows 11 suna da sassa masu yawa iri ɗaya, gyaran da aka fitar wa sabuwar yakan zama tamkar nuni ga ɓarayin intanet inda za su lalubo ƙofa a jikin tsohuwar.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle takardun da ke cikin kwamfuta tana neman kuɗin fansa. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya dubbai. Abin lura shi ne, tun a watan Maris na wannan shekara aka fitar da gyaran da zai hana ta shiga. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su ɗora shi ba. To, ina ga kwamfutar da babu ma gyaran da za a aiko mata? Har ila yau, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da take riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, kuma jerin albashi, da fayil ɗin 'yan fansho, da sakamakon ɗalibai duk suna cikin irin waɗannan bayanai.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce, wace manhaja ce ta fi kyau? A namu ganin ba daga nan ake farawa ba. Ana farawa ne daga kwamfutar da ke kan teburi: me za ta iya ɗauka, kuma wane aiki ake yi da ita? Ofishin da bai ƙidaya na'urorinsa ya rubuta shekarunsu da aikinsu ba, duk shawarar da ya yanke ta zama ta ka.

Windows 11, wadda aka fitar a watan Oktoba na 2021, ita ce hanya mafi sauƙi ga ma'aikacin da ya saba da Windows, kuma kyauta ake komawa kanta matuƙar Windows 10 ɗin da ke kan kwamfutar tana da lasisi na gaskiya. Sai dai tana da sharuɗɗa. Tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki aƙalla gigabait 4, da rumbun ajiya gigabait 64, da wani ɗan sashe na tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan kuma furosesa wanda bai tsufa ba. Idan na kamfanin Intel ne, a mafi yawan lokaci sai daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Gane wannan ba shi da wuya. Idan an ga an rubuta i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin, wato 8, ita ce zubin, kuma ta cancanta. Idan i5-6300U ce, zubi na shida ce, ba ta cancanta ba. Akwai kuma wata ƙaramar manhaja ta kyauta daga Microsoft mai suna PC Health Check wadda take duba kwamfuta ta faɗi abin da ya rage mata. Muna jan hankalin masu gyara cewa sau da dama TPM yana nan a jikin na'urar, kashe shi kawai aka yi, kunna shi kuma aikin 'yan mintoci ne. Kada a yanke wa kwamfuta hukuncin zuwa sito kafin a duba wannan. Game da gigabait 4 kuwa, wannan mafi ƙanƙanta ke nan. Wanda zai buɗe Excel da shafukan intanet a lokaci guda zai fi samun natsuwa da gigabait 8.

A nan ne matsalar ofisoshinmu take, domin kwamfutoci da dama na gwanjo ne, sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su iso gare mu. Mun san cewa akwai masu gyara da za su ce za su ɗora Windows 11 a kan kowace irin kwamfuta ta hanyar tsallake sharuɗɗan, kuma lallai tana hawa. Amma kamfanin ya bayyana cewa irin wannan na'ura ba ta da tabbacin samun gyare-gyare, ke nan an gudu ba a tsira ba. Mafi muni kuma shi ne kwafin sata da ake ɗorawa daga filashi da wata 'yar manhajar buɗe lasisi, wadda ba wanda ya san abin da aka ɓoye a cikinta. Mun taɓa ganin wani ofishi da aka yi wa haka da rahusa, bayan 'yan makonni sakatariya ta wayi gari takardun shekara uku sun ƙi buɗuwa, ba kuma a ajiye kwafinsu a ko'ina ba.

Ga hukumar da take buƙatar ƙarin lokaci, Microsoft yana sayar da gyare-gyaren tsaro na Windows 10 har zuwa watan Oktoba na 2028. Farashin da ya sanar shi ne dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma yana ninkawa a kowace shekara, wato 122 sannan 244. Wanda ya shigo a makare kuma sai ya biya har da na baya. Idan aka haɗa, dala 427 ke nan a kan tsohuwar na'ura ɗaya. Wannan bai dace ba sai ga 'yan kwamfutocin da suke ɗauke da wata manhaja ta musamman da ba a shirya sauya ta ba.

Hanya ta uku ita ce Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991, kuma ba a biyan kuɗin lasisinta. Daga cikin ire-irenta, Ubuntu da Linux Mint su ne suka fi sauƙi ga sabon shiga. Ubuntu 24.04, wadda aka fitar a 2024, za ta ci gaba da samun gyare-gyare kyauta har 2029, kuma ba ta neman TPM ko sabon furosesa. Kwamfutar da aikinta bai wuce buga wasiƙa, da lissafi mai sauƙi, da imel, da shiga shafukan hukuma ba, za ta iya ƙara shekaru tana aiki da Linux tare da LibreOffice, wadda take buɗe takardun Word da Excel. Amma dole mu faɗi gaskiya. Word da Excel na ainihi ba sa hawa kan Linux, sai dai na cikin intanet. Takarda mai jadawali da yawa takan ɗan karkace. Kuma wasu firintoci, da na'urorin ɗaukar zanen yatsa, da manhajojin da 'yan kwangila suka rubuta wa Windows kaɗai, ba lallai su yi aiki ba. Sannan mai gyaran da ya san Linux ba a kowace ƙaramar hukuma ake samunsa ba.

Ƙasar Jamus ta ba da misali ta fuska biyu. Birnin Munich ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000, amma a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Jihar Schleswig-Holstein kuwa ta sanar a 2024 cewa za ta sauya kwamfutoci kimanin 30,000, sai ta fara da ɗora LibreOffice tun suna kan Windows, domin ma'aikata su saba kafin a taɓa babbar manhajar. Wannan dabara ce da kowane sashe zai iya gwadawa a kan kwamfuta biyu ko uku ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, wato haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Windows 11 da Linux duk suna da tsarin madannai na Hausa a cikinsu. Amma tsofaffin takardun da aka buga da wani zubin haruffa na musamman, wanda ya ɗora waɗannan haruffa a gurbin wasu alamomi, za su fito a hargitse idan ba a kwafo wannan zubin zuwa sabuwar manhajar ba. Sassan fassara da na yaɗa labarai su lura da wannan tun kafin a goge komai.

Saboda haka muna kira ga kowane sashe da ya rubuta jerin kwamfutocinsa, da lambar furosesan kowace, da manhajojin da ake amfani da su a kanta, da firintar da take haɗe da ita. Wadda ta cika sharuɗɗa a mayar da ita Windows 11, a kuma zaɓi nau'in Pro, wanda aka tanada domin ofisoshi. Wadda ba ta cika ba kuma aikinta mai sauƙi ne, a gwada mata Linux. Kuɗin sayen sababbi a keɓe shi ga ofisoshin albashi, da akanta, da rajista, a kuma rubuta a takardar kwangila cewa na'urar ta zo da lasisi na gaskiya. Kwamfutar da dole ta zauna a kan Windows 10 ba tare da gyare-gyare ba, a cire ta daga intanet, a hana soka mata filashin kowa. Kafin mai gyara ya taɓa kowace na'ura kuma, a kwafe takardunta zuwa wurare biyu dabam, mai teburin ya buɗe su da kansa ya tabbatar suna nan, sannan ya sa hannu.