Wane ne Edita?

Kalmar edita aro ce daga Turanci, inda ake rubuta ta editor. Su ma Turawan Ingila daga Latin suka samo ta, daga wata kalma mai nufin fito da abu fili. Shi ya sa da farko wanda ya buga littafi ya fitar wa jama'a ake kira haka, daga baya ma'anar ta koma kan mai gyaran rubutu. Abin mamaki, sunan ya girmi aikatau ɗinsa: daga editor aka yanko edit, wato tacewa.

A gidan jarida edita ne mai wuƙa da nama. Wakili ya kawo labari shafi biyu, shi kuwa ya zare jan biro, ya soke maimaici, ya tambayi inda aka samo adadin mutanen da aka ambata, ya ɗauko abin da aka binne a sakin layi na biyar ya mai da shi kanu. In an yi ƙarar jarida kan ɓata suna, da shi za a je kotu. Irin wannan kujera Abubakar Imam ya hau a Zariya a 1939, lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo.

A Kannywood kuwa, edita shi ne mai zama gaban kwamfuta yana yanka hotuna yana daidaita su da sauti. Wasu sun fi son a ce mai tacewa. A ganina bakin alƙalami ya riga ya bushe, tunda har jam'i Bahaushe ya yi wa kalmar edita: editoci.