Idan Motar Alfarma Ta Zama Ta 'Yan Gwangwan, Wa Zai Biya?

Da wuya mutum ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna, ko ya ratsa Zariya ya nufi Kano, bai ci karo da janwe ba ɗauke da wata ƙatuwar mota da ta yi kwatsa-kwatsa, irin su Land Cruiser ko Lexus ko Range Rover, waɗanda kuɗin guda ɗaya ya isa a gina ajujuwan makarantar firamare. Abin da fasinjoji kan fara faɗa shi ne, Allah Ya sa an tsira da rai. Daga nan sai wani ya ce ai irin waɗannan mutane ba su da asara, inshora za ta biya su. Wannan magana ta biyu ce nake son mu duba, domin sau da yawa ba haka lamarin yake ƙarewa ba, kuma masu motocin da kansu ba su cika sanin haka ba sai ranar da tsautsayi ya auka musu, suka buɗe aljihun mota suka karanta takardar da suka shekara suna yawo da ita.

Da farko dai, ba kowace takardar inshora ce ke biyan mai mota ba. Wadda doka ta wajabta wa kowane mai abin hawa a Nijeriya, tun dokar Turawan mulkin mallaka ta 1945, ita ce ƙaramar inshora, wadda aikinta kawai biyan wanda ka yi wa ɓarna. Motarka kuwa, ko ta ƙone ƙurmus, ba ruwanta. Shekara da shekaru ana sayar da ita a kan Naira 5,000, har zuwa lokacin da hukumar kula da kamfanonin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da ita Naira 15,000 daga 1 ga Janairun 2023, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tsananta bincikenta a kan tituna. To, ita ce takardar da ake liƙa wa mutum tare da sauran takardun mota a ofishin lasin, wani lokaci ma ta jabu ce, ba ta cikin rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta kafa domin tantancewa. Akwai masu hawa motar miliyan ɗari da ba su da komai sai ita. Irin wannan mutum idan ya kife da motarsa, maganarsa da kamfanin inshora ta ƙare tun ba a fara ba.

Ba rowa ce kaɗai ke hana mutane sayen cikakkiyar inshora ba. Akwai tsada, domin umarnin NAICOM da ya fara aiki a 2023 ya ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar da aka rubuta wa motar, wato motar miliyan 80 za ta ci miliyan 4 duk shekara. Akwai kuma damuwa ta addini, wadda ba abin rainawa ba ce a wannan yanki namu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai yawa, ta kuma nuna inshorar taimakekeniya a matsayin mafita. Sudan ta riga kowa, da kamfanin da aka kafa a can a 1979. A nan gida NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016. Saboda haka wannan uzuri ya ragu ƙwarai. Sai dai mai karatu ya lura, sharuɗɗan da zan ambata a ƙasa ba su canza domin an rubuta takaful a saman takarda ba.

Mu ɗauka mutum ya yi abin da ya kamata, ya sayi cikakkiyar inshora, ya biya kuɗinsa cif, tunda tun 2013 ake aiki da ƙa'idar nan ta cewa wanda bai biya ba ba shi da kariya. A nan ne babban rami yake, kuma faɗuwar Naira ce ta haƙa shi. Kafin gwamnati ta saki farashin canji a Yunin 2023, dala tana wajen Naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Motocin alfarma da kayan gyaransu duk da dala ake shigo da su, kuɗin fito na kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi. Alal misali, a ce Alhaji ya sayi mota a 2022 a kan miliyan 80, ya rubuta miliyan 80 a takardar inshora, kuma duk shekara akawunsa yana sabuntawa a kan wannan adadi ba tare da kowa ya tsaya ya yi tunani ba. Yau irin wannan mota, a yadda take da shekarunta, sai a ce miliyan 160 a kasuwa. Idan ta ragargaje har ba ta gyaruwa, kamfani zai dubi darajarta a kasuwa ya dubi abin da aka rubuta, ya biya wanda ya fi ƙanƙanta. Alhaji zai karɓi miliyan 80, a kuma cire kason farko na asara da yarjejeniya ta ɗora wa mai mota. Da wannan kuɗi rabin motarsa kawai zai iya saye.

Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne idan motar tana gyaruwa. Mutum zai ce gyaran miliyan 30 ne, ni kuma inshorata ta miliyan 80 ce, ai babu matsala. Amma a yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi akwai sharaɗin da ke cewa wanda ya rubuta wa dukiyarsa rabin darajarta, to shi ne ya ɗauki nauyin ɗaya rabin da kansa. Ke nan a gyaran miliyan 30 kamfani zai ba da miliyan 15. Bayan haka mai ƙiyasta asara zai zo da alƙalaminsa, ya ce an sa sababbin tayoyi da sabon batir a madadin waɗanda suka sha aiki, don haka sai an rage wani abu, tunda manufar inshora ita ce a mayar da mutum inda yake kafin haɗari, ba a ɗaga shi sama da nan ba. Zai kuma yi jayayya a kan ko lallai sai an yi odar fitilu da jakunkunan iska daga Dubai, ko za a iya samun na hannu a Ƙofar Ruwa ko Ladipo. Mutane kan kira wannan zalunci. Ni a ganina wani ɓangarensa lissafi ne da ba ya ƙarya: wanda ya biya miliyan 4 a inda ya kamata ya biya miliyan 8 bai sayi kariya cikakkiya ba. Laifin da nake ɗora wa kamfanoni da dillalansu shi ne, sun ga abin da ya sami Naira, sun san takardun abokan hulɗarsu sun zama rabi, amma da yawa suka ci gaba da karɓar kuɗin sabuntawa ba tare da sun kira mutum sun ce masa ya sake ƙiyasta motarsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne, amma mai sayar da gorar ma akwai haƙƙi a kansa.

Sai kuma abin da ke faruwa a bakin titi, wanda a nan ne kyakkyawar al'adarmu take karo da yarjejeniyar da aka rubuta da Turancin lauyoyi. Mun saba idan an yi haɗari jama'a su taru, dattawa su sa baki, a ce tunda ba a rasa rai ba a yi haƙuri, ƙaddara ce. Mai babbar mota, don kunya ko don neman lada, sai ya dubi direban tifa ko na bas da ya buge shi ya ce, je ka, na yafe. Wani kuma ya karɓi ɗan abin da aka tattara a rubuta takarda cewa magana ta mutu. Washegari sai ya nufi kamfanin inshora. Abin da bai sani ba shi ne, idan kamfani ya biya shi, haƙƙin bin wanda ya yi ɓarnar ya koma hannun kamfanin. Wanda ya yafe tun a bakin titi ya kyautar da abin da ba nasa ne shi kaɗai ba, kuma kamfani na iya riƙe wannan ya rage abin da zai biya, ko ya ƙi biya gaba ɗaya. Haka nan idan shi ne ya yi saurin cewa laifina ne, zan gyara maka, domin takardar ta hana amsa laifi ko ɗaukar alkawari ba da yardar kamfani ba. Ba ina cewa a daina yafiya ba. Mai hali yana da ikon ya yafe ya kuma ɗauki asararsa, wannan karamci ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ya yafe a gaban jama'a, a yaba masa, sa'an nan ya aika wa wani da takardar biya.

Irin wannan gaggawa ce ke sa a kira janwe a kwashe mota zuwa garejin wani amintaccen bakanike a Apo ko Fanteka tun kafin a ɗauki hoto, kafin 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra su auna wuri su rubuta rahoto, kafin a sanar da kamfani. Manyan mutane ba su son a ga motarsu a kife ana ɗauka da waya, wannan kowa ya fahimta. Amma mota da aka riga aka kwance ta, mai ƙiyasta asara ba shi da abin dubawa, kuma kowace yarjejeniya tana da wa'adin kai rahoto.

Tambayar da ta fi kashe da'awa kuwa gajeriya ce: wa ke tuƙi? Idan direban gida ne mai lasin da ya ƙare, ko yaro ne ɗan shekara 17 da ya saci makulli, magana ta lalace. Idan a wajen wasan mota na biki ne, irin wanda samari ke yi a titunan Kano da Abuja ana juya sitiyari ana ta da ƙura, to tsere da gwajin gudu suna cikin abubuwan da inshorar mota ta cire ƙarara. Idan an ba da motar haya don ɗaukar amarya alhali an rubuta ta a matsayin ta hawan gida, nan ma haka. Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Wasu manyan motocin ƙasar nan ba da sunan masu su aka yi musu rajista ba, saboda dalilan da mai karatu ya fi ni sani. Ranar biya kamfani zai nemi shaidar mallaka da takardun kwastan, kuma wanda sunansa ke takarda shi zai sa hannu. Idan bashin banki ne aka sayi motar da shi, bankin ne zai fara karɓa. Idan kuma an biya kuɗin mota gaba ɗaya, gawar motar ta zama ta kamfani, shi zai sayar wa masu kayan gyara. Mai son ya riƙe ta sai a cire ƙimarta daga kuɗinsa.

Duk da haka kada a ɗauka kamfanonin tsarkaka ne. Rashin yardar da jama'a ke yi musu ba daga sama ya faɗo ba. Akwai masu ja wa mutum rai da neman takarda bayan takarda har ya gaji ya karɓi abin da aka miƙa masa. Dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan ya amince da da'awa an sa hannu a takardar sallama, amma jinkirin yakan faru ne kafin a kai ga wannan sa hannu. A 2025 Shugaba Tinubu ya rattaba hannu a kan sabuwar dokar da ta maye gurbinta, wadda ta ɗaga jarin da ake buƙata daga kamfanoni. Mai ƙorafi yana da sashen karɓar koke na NAICOM, yana da kotu, kuma wanda ya bi ta hannun dillali mai rajista yana da wanda zai tsaya masa. Abin da ya kamata ya kiyaye shi ne sa hannu a takardar sallama kafin ya gamsu da adadin da ke cikinta, domin bayan nan ƙorafi ihu ne bayan hari.

Na bar mutum ɗaya a baya da gangan, kuma shi ne ya fi kama da yawancin masu karanta wannan shafi: malamin jami'a ko likita ko ma'aikacin banki da ke cikin Corolla ko Honda, wanda birki ya ƙwace masa a shataletale ya daki gefen motar miliyan 160. Yana da ƙaramar inshorarsa ta gaske, ya biya Naira 15,000. Kamfaninsa zai biya har miliyan 3, daga nan ya tsame hannunsa. A irin waɗannan motoci fitilun gaba da bamba kaɗai suna iya cinye wannan kuɗi. Ragowar bashi ne a wuyansa, kuma idan mai motar yana da cikakkiyar inshora, ba Alhaji ne zai biyo shi ba balle a tura dattawa su ba da haƙuri, lauyan kamfani ne. An ƙayyade miliyan 3 ɗin nan ne a ƙarshen 2022, watanni shida kafin a saki Naira, kuma a lissafin dala yanzu bai kai rabin ƙimarsa ta wancan lokaci ba. Ya kamata NAICOM ta riƙa sake duba wannan iyaka duk lokacin da farashi ya yi irin wannan tsalle. Kafin nan, kamfanoni suna yarda su ɗaga iyakar ga wanda ya nema ya ƙara kuɗi a kan na shekara, sai dai ba a ofishin lasin ake samun wannan ba, dole mutum ya je wurin kamfanin ko dillalinsa ya tambaya da bakinsa.