Yadda Ake Liƙi da Gyaran Allon Rediyo

Sau da yawa akan jefar da rediyo ko tocila mai caji a ce ta mutu, alhali kuwa abin da ya same ta bai wuce liƙi ɗaya da ya saki ba. A cikin kowace irin wannan na'ura akwai wani ɗan allo wanda aka shimfiɗa wa siraran hanyoyi na jan ƙarfe, ta nan ne lantarki ke bi. Kaurin hanyoyin nan galibi bai kai na takarda ba, kuma manne su aka yi. Saboda haka zafi in ya yi yawa sai ya ɓamɓare su, mai gyara ya zama shi ne mai ɓarna.

Kayan Aiki

Abin da ake liƙin da shi, watau dalmar liƙi, haɗi ne na kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a ƙasar Jos, da dalma. Wadda aka fi sani kashi 60 kuza ce, kashi 40 dalma, tana kuwa narkewa wajen digiri 188 a ma'aunin Salsiyos. A tsakiyarta akwai ƙaro wanda ke cinye tsatsa domin liƙi ya kama. Tun 2006 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sa dalma a yawancin kayan lantarki, don haka sababbin alluna da yawa da haɗi marar dalma aka liƙe su, wanda sai wajen digiri 217 yake narkewa. Ƙarfen liƙi mai wat 25 zuwa 40 ya isa wannan aiki. Lalle ne kada a yi amfani da ruwan asid irin na masu liƙin bokiti, gama yana cin jan ƙarfe.

Yadda Ake Liƙi

Da farko a goge bakin ƙarfen da jiƙaƙƙen soso, a shafa masa 'yar dalma har ya yi ƙyalli. Sa'an nan a ɗora shi yadda zai taɓa ƙafar kayan da hanyar allon gaba ɗaya. Bayan kamar daƙiƙa ɗaya a kawo dalmar a taɓa wurin da aka ɗumama, ba bakin ƙarfen ba. In ta malala ta kewaye ƙafar, a janye dalmar, kana a janye ƙarfen. Duk aikin kada ya wuce daƙiƙa uku ko huɗu, kada kuma a motsa har ya huce.

Kyakkyawan liƙi sumul yake, ya rungumi ƙafar kamar ƙaramin tsauni. Wanda ya dunƙule kamar ƙwayar gero, ko ya tsage, bai kama ba. Shi ne ke sa rediyo ta yi magana in an buge ta, ta yi shiru in an ajiye.

Gyaran Hanyar da ta Yanke

Hanya takan yanke in na'ura ta faɗi, ko batir ya zubo ruwa a kanta. In farin gari ne irin na batirin alkalin, a goge da ɗan ruwan lemun tsami, a bi da sifirit, a bari ya bushe sarai. Daga nan a kankare fentin da ke bisa hanyar da reza, a hankali, gefe da gefen yankewar, har jan ƙarfe ya bayyana. A shafa wa kowane gefe dalma, a ɗora guntuwar siririyar waya ta zama gada, a liƙe. Kada a cike giɓin da dalma kaɗai, domin ba ta daɗewa take sake tsagewa. A ƙarshe a gwada da mita, a tabbata kuma liƙin bai taɓa hanyar da ke maƙwabtaka da shi ba.

Gargaɗi

Kafin a taɓa allo a zare na'ura daga wuta, a cire batir. Manyan kondansa sukan riƙe lantarki ko bayan an kashe, sai an sauke shi tukuna. A yi aiki inda iska ke shiga, don hayaƙin ƙaro na cutar ƙirji. Dalma kuwa guba ce, musamman ga ƙananan yara: kada a riƙe ta da baki, kada a ci goro ko abinci a wurin aiki, a wanke hannu da sabulu in an gama.

Mai koyo ya fara gwada hannunsa a kan mataccen allo, kafin ya karɓi kayan mutane.