Yadda Ake Samun Aikin Sakatare a Ofis

'Yan uwa ɗalibai, a kusan kowane ofis akwai teburin da baƙo yake fara tsayawa kafin ya ga maigida. Mai wannan tebur shi ne sakatare, ko mataimakin gudanarwa. Shi ke karɓar baƙi, ya amsa waya, ya buga wasiƙu, ya adana fayil-fayil, ya rubuta abin da aka tattauna a taro, ya kuma tuna wa shugaba inda ake jiran sa. Ma'aikatun gwamnati, asibitoci, makarantu da kamfanoni duk suna ɗaukar irin wannan ma'aikaci, maza da mata. To, ta ina ake bi a samu aikin?

Matakin karatu

Mataki na farko yana nan cikin ajinmu: kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi. Daga nan sai JAMB, a nemi kwas ɗin fasahar ofis da gudanarwa, wanda ake kira OTM. A da, sunansa kwas ɗin sakatare. Ana yin sa a kwalejojin kimiyya da fasaha, irin su ta Kaduna da ta jihar Kano. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ke tantance irin waɗannan kwasa-kwasai, don haka a tabbatar ta amince da kwas ɗin kafin a biya kuɗin rajista.

Ƙaramar difloma shekara 2 ce. Sai a yi shekara 1 ana koyon aiki, a dawo a yi babbar difloma ta shekara 2, sannan bautar ƙasa. Kada a raina shekarar koyon aikin nan. A nan ake sanin yadda ofis yake tafiya, a nan kuma ake samun wanda zai tsaya wa mutum shaida gobe.

Takardar neman aiki

Idan aka yi tallar gurbi, abu biyu ake aikawa: wasiƙar neman aiki da takardar CV, mai ɗauke da suna, karatu, wuraren da aka yi aiki da abin da aka iya. Ku lura da kyau: mai neman aikin sakatare, takardarsa ita ce jarrabawarsa ta farko. Wanda ya yi kuskure a sunan kamfani, ko ya bar kurakuran rubutu a wasiƙarsa, ya nuna wa maigida irin wasiƙun da zai riƙa buga masa. A taƙaita, a tsara, a ba malami ya duba. Kada kuma a rubuta an iya abin da ba a iya ba.

Ranar intabiyu

Takardar shaida tana kai mutum bakin ƙofa ne kawai. A ciki, ana iya zaunar da shi gaban kwamfuta a ce ya buga wasiƙa a Word, ko ya jera sunaye da alƙaluma a Excel, ko ya aika imel. Ana kuma iya tambayar sa: me za ka yi in baƙo ya fusata, ya dage sai ya ga shugaba, alhali ana cikin taro? Abin da ake aunawa a nan shi ne haƙuri da iya magana. A je da wuri, cikin tsafta, da ainihin takardu da kwafinsu.

Sai babban abu, wato riƙon amana. Takardun albashi, na ƙarin girma da na ladabtarwa duk ta hannun sakatare suke bi. Ma'aikacin da bakinsa ba ya riƙe magana ba ya daɗewa a wannan kujera, komai saurinsa a kwamfuta.

Hattara da 'yan damfara

Akwai masu tallar guraben bogi a WhatsApp da Facebook, su ce a turo kuɗi a ba da takardar kama aiki. Aikin gaskiya ba a sayen sa. Duk tallar da kuka gani, ku bincika ta a shafin hukumar ko kamfanin da aka ambata.

Me za mu yi tun yanzu?

Da sanyin safiya ake kama fara. Mu riƙi darasin kwamfuta da gaske, mu koyi buga rubutu da yatsu goma ba tare da kallon madannai ba. Mu ƙware a wasiƙar hukuma da ake koya mana a darasin Turanci da na Hausa. Idan kuma ana neman sakataren aji ko na wata ƙungiya, kada mu noƙe. Wanda ya shekara yana rubuta bayanan taro yana adana su, ya riga ya fara aikin, kuma yana da abin faɗa ranar intabiyu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta