Masu Nema wa Gawarwakin Yara Suna

A Amurka, kowace shekara akan tsinci gawarwaki kimanin 4,400 da ba a san masu su ba, kuma kusan 1,000 daga cikinsu sukan shekara ba a gano ko su wane ne ba. A gefe guda kuma ga iyalai da suka kai cigiyar 'yan'uwansu da suka ɓata. Da ganin wannan sai mutum ya ce ai aikin ba wuya, a ɗauko jerin gawarwaki a gwada da jerin ɓatattu. Matsalar ita ce shekaru da dama babu jeri ɗaya da ya haɗe ƙasar. Hukumomin 'yan sanda kusan 18,000 ne, kowace da kundinta, haka ma ofisoshin likitocin binciken gawa. Sai a binne yarinya a wata jiha ba suna, uwarta na wata jihar tana ta cigiya, ba wanda ya san da wani.

Wannan giɓi ne 'yan sa kai suka shigo su cike. Ba 'yan sanda ba ne, ba kuma likitoci ba. Akwai akanta, akwai ma'aikaciyar laburare, akwai waɗanda suka yi ritaya, kuma ba a biyansu ko sisi. Wanda akan ce shi ya fara share fagen shi ne Todd Matthews, ma'aikacin wata masana'anta a jihar Tennessee. Surukinsa ne ya tsinci gawar wata matashiya naɗe cikin tamfol kusa da garin Georgetown na jihar Kentucky a 1968. Labarin ya tsaya wa Matthews a rai, ya yi shekaru yana bincike, har a 1998 ya ci karo da cigiyar da wata mata ta rubuta a intanet tana neman 'yar'uwarta. Aka tono gawar, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar ita ce Barbara Ann Hackmann Taylor. A 1999 aka kafa ƙungiyar 'yan sa kai ta Doe Network, wadda ta samo sunanta daga laƙabin John Doe da Jane Doe da ake yi wa gawar da ba a san mai ita ba. A 2007 gwamnatin tarayya ta buɗe rumbun bayanai na NamUs, inda Matthews kansa ya yi aiki daga baya.

Aikin na haƙuri ne. Mutum ya zauna gaban kwamfuta cikin dare yana gwada tsawo da tsawo, shekaru da shekaru, launin gashi, tabo, wushirya, irin takalmin da aka samu a ƙafar gawa, ranar da aka ɓata da ranar da aka tsinta. In ya ga alamar dacewa sai ya miƙa wa hukuma, ita ce ke da ikon yin gwaji. Akasarin hasashen ba ya tabbata.

In gawar ta yaro ce, wahalar takan ninku. Yaro ba shi da zanen yatsu a kundin kowa, sau da yawa kuma likitan haƙori bai taɓa duba bakinsa ba balle a sami hoton haƙoransa. Masana kan iya ƙiyasta shekarunsa daga fitowar haƙora da girman ƙashi, amma kafin balaga da wuya a bambance ƙasusuwan namiji da na mace da ido. Duk waɗannan ƙanana ne a kan babbar matsalar, wadda ke da ɗacin faɗi: sau da yawa babu cigiyar da za a gwada gawar da ita. Wanda ya kamata ya ruga wurin 'yan sanda ya ce ɗana ya ɓata, a lokuta da dama shi ne ya kashe shi. Yaron da bai isa shiga makaranta ba, duniyarsa ba ta wuce ɗakin iyayensa ba. In suka yi shiru, suka ce wa dangi yana wurin wance, shi ke nan.

Haka ta faru da yarinyar da aka tsinci gawarta a Kansas City a watan Afrilun 2001, jama'ar gari suka sa mata suna Precious Doe. Shekara huɗu ba a san ta ba. Wani ɗan gwagwarmaya na garin, Alonzo Washington, ya ƙi barin maganar ta mutu, ya riƙa sa sanarwa a jarida, har wani dattijo daga Oklahoma, ɗan'uwan mijin uwar yarinyar, ya tuntuɓe shi. A 2005 aka gano sunanta Erica Green, ba ta cika shekara huɗu ba, kuma mijin uwarta ne ya kashe ta da sanin uwar. A 2007 ma, da aka tsinci gawar wata 'yar shekara biyu cikin akwatin roba a gaɓar Galveston ta jihar Texas, kakarta ta wajen uba da ke Ohio ce ta ga zanen fuskar ta gane jikarta, Riley Ann Sawyers.

Daga irin waɗannan ne gogaggun 'yan sa kai suka fahimci cewa in jerin ɓatattu na hukuma ya gaza, sai a koma neman mai tambaya. Kusan kowane yaro yana da wani can nesa da bai manta da shi ba: kaka, gwaggo, wa ko ƙane da suka haɗa uba, ƙawar makaranta. Tammy Jo Alexander, 'yar shekara 16, an tsinci gawarta a gonar masara a jihar New York a 1979. Fiye da shekara talatin bayan nan wata tsohuwar ƙawarta ta shiga nemanta, aka shigar da sunanta cikin ɓatattu a Fulorida. Carl Koppelman, akanta daga Kalifoniya wanda ya koya wa kansa zana fuskokin gawarwaki yadda za su kasance da rai, ya ga hotonta ya tuna fuskar da ya taɓa zanawa. A Janairun 2015 aka tabbatar.

Babu labarin da ya nuna wannan kamar na dajin Bear Brook da ke Allenstown a jihar New Hampshire. A Nuwamban 1985 wani maharbi ya ci karo da duro na ƙarfe, cikinsa gawar mace da ta yarinya. A shekarar 2000 wani ɗan sanda ya koma duba wurin, ya tarar da duro na biyu ba nisa da inda aka sami na farko, da gawar ƙananan yara mata biyu. Mace ɗaya da yara uku, kuma babu cigiya ko ɗaya a hannun 'yan sandan jihar da ta dace da su. Sai daga baya aka gano makashin, Terry Rasmussen, mutum mai yawan sauya suna, wanda ya riga ya mutu a kurkukun Kalifoniya a 2010. An san wanda ya yi kisan, ba a san waɗanda ya kashe ba.

Rebekah Heath, ma'aikaciyar laburare a jihar Connecticut, ta bi wata hanya dabam. Ta shiga tona tsofaffin saƙonnin da mutane suka bari a dandalin neman dangi, tana neman wanda ke tambayar mace mai 'ya'ya mata da aka daina jin ɗuriyarta a ƙarshen shekarun 1970. Ta sami wani tsohon saƙo da ake cigiyar wata yarinya mai suna Sarah da mahaifiyarta Marlyse. A 2018 ta tuntuɓi dangin, sai aka ce mata ai Marlyse ta tafi ne da wani mutum mai suna Rasmussen. Nan take ta sanar da 'yan sanda. A daidai lokacin, masaniyar nasaba Barbara Rae-Venter ta kai ga sunaye iri ɗaya ta hanyar ƙwayoyin halittar da aka ciro daga gashin gawarwakin. A Yunin 2019 aka bayyana su: Marlyse Honeychurch da 'ya'yanta Marie Vaughn da Sarah McWaters, waɗanda rabon dangi da su tun Nuwamban 1978 a Kalifoniya.

Wannan dabara ta bin nasaba ta sauya aikin gaba ɗaya. Akan ɗora bayanan ƙwayoyin halittar gawa a rumbu irin GEDmatch, inda mutane ke sa nasu don neman dangi, sai a sami 'yan'uwa na nesa, a yi ta bin salsala daga kakannin kakanni har a sauko kan gidan da yaron ya fito. Ba ta buƙatar kowa ya kai cigiya. Da ita ce a Disamban 2022 aka gano yaron da aka tsinta cikin kwali a Filadelfiya tun Fabrairun 1957, Joseph Augustus Zarelli, ɗan shekara huɗu, bayan shekara 65.

A nan ne kuma ɓarnar aikin ta fito fili. 'Yan sanda sun ƙi faɗin sunayen iyayen Joseph saboda 'yan'uwansa da ke raye, amma wasu masu zumuɗi suka shiga yaɗa hasashe a intanet, suna nuna yatsa ga mutanen da ba a tuhume su da komai ba. Wannan zalunci ne, ko da niyyar mai yi kyakkyawa ce. Haka ma kiran uwar da ɗanta ya ɓata a ce mata an gan shi a wata maƙabarta, alhali hasashe ne, fama mata miki ne. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi ke tantance hasashe a tsakaninsu, su miƙa wa hukuma, su bar mata sanar da iyali.

Yarinya ta uku a duron Bear Brook ba 'yar Marlyse ba ce, gwaji ya nuna 'yar Rasmussen ce ta cikinsa. 'Yan sa kai na DNA Doe Project, ƙungiyar da Colleen Fitzpatrick da Margaret Press suka kafa a 2017, suka karɓi aikinta, kuma a Satumban 2025 aka sanar da sunanta, Rea Rasmussen, haihuwar 1976 a Kalifoniya. Fitowar sunan ta buɗe wata cigiyar, domin mahaifiyarta ma ba a sake ganinta ba tun ƙarshen shekarun 1970, ita ce hukuma ta koma nema.